Aron Suna a Rajistar Kamfani: Wa Zai Ɗauki Kayan?

  Muna gaida mutanen Ƙanƙara da Pauwa da 'Yargoje, muna gaida na Faskari da Daudawa da Sheme da Mairuwa, muna gaida na Sabuwa da Damari da Dugun Mu'azu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare mana gonaki da hanyoyi.

Yau zancen kamfani za mu yi. Kada wani ya ce ai wannan maganar mutanen Legas ce ko ta 'yan Kantin Kwari, domin ta iso mu har gida. Mai sayen masara da waken suya a Sabuwa, ranar da ya so ya kai kayansa masana'antar abincin kaji a Kaduna ko Kano ba tare da ya bi ta hannun wani ba, abin da za a fara tambayarsa takardar kamfani ce da asusun banki mai sunan kamfanin. Mai son haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara bisa ƙa'ida ya sani, babban lasisin haƙar ma'adinai kamfani ake ba. Mai neman kwangilar ginin aji ko rijiyar burtsatse, haka. Ga tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024, kuma fitar da kaya waje da takardar kamfani ake fara shi. Su ma matasanmu masu POS, tun 2024 aka umarce su da yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC.

To, a nan ne wata ɗabi'a take shigowa, kuma ita ce ta sa na zaɓi wannan batu. Mutum zai zuba kuɗinsa, shi ke saye, shi ke sayarwa, shi ke juya komai, amma idan ka duba takarda sai ka ga sunan direbansa, ko yaron shagonsa, ko ɗan ƙanwarsa, ko uwargidansa wadda ba ta ma san an saka ta ba. A manyan birane har akwai waɗanda wannan ce sana'arsu. Ka biya, su ba ka darakta, su ba ka mai hannun jari, su haɗa maka da adireshin ofis. Aron suna ke nan. Akwai fuskar da doka ta yarda da shi, akwai fuskar da yake kai mutum kotu, kuma tsakanin biyun tazarar ba ta da yawa.

Bari mu fara da sanin abin da ake kafawa. Rajista iri-iri ce a CAC, amma biyu suka fi shafar mu. Ta farko rajistar sunan kasuwanci, wadda ta ishi mai shago ko mai POS. A irin wannan, kai da kasuwancin abu ɗaya ne. Idan kasuwancin ya ci bashi, kai ka ci, ana iya bin ka har gonarka. Ta biyu ita ce kamfanin da ake rubuta Limited a ƙarshen sunansa. Wannan doka tana kallonsa kamar wani mutum ne daban. Yana mallakar fili, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai ƙararsa, kuma ba ya mutuwa don mai shi ya mutu. Idan ya karye, asarar mai hannun jari ta tsaya a kan jarin da ya ɗauki alkawarin zubawa.

Wannan ƙa'ida tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi maganarmu ta yau. A birnin Landan an yi wani mai sana'ar fata da takalma, sunansa Aron Salomon. A 1892 ya mai da sana'arsa kamfani. Dokar Ingila ta lokacin ta ce sai da mutum 7, saboda haka ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa 5, ya ba kowa hannun jari ɗaiɗai, shi kuma ya riƙe 20,001. Ba a jima ba kamfanin ya durƙushe. Masu bin bashi suka ce ai yaudara ce, iyalin nan cike gurbi kawai suka yi, kamfanin Salomon ne, shi zai biya. Shari'a ta kai har kotun ƙoli ta ƙasar, wadda ta yanke hukunci a ƙarshen 1896 cewa an cika sharuɗɗan doka, kamfanin daban, Salomon daban. Daga Ingila muka gaji wannan ƙa'ida, har yau kuma kotunan Najeriya suna aiki da ita.

Ku lura, abin da ya sa Salomon ya jero sunayen iyalinsa shi ne doka ta nemi mutane da yawa. Mu ma a nan, dokar kamfanoni ta 1990, wadda ta kafa CAC, ta ce sai da mutum biyu ake kafa kamfani, sai da darakta biyu. Shi ya sa iyayenmu 'yan kasuwa suka saba da cewa lauya, "Sa sunan wane a cike." Wannan uzuri ya ƙare. Ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, kuma sashe na 18 ya ce mutum ɗaya tilo yana iya kafa kamfani mai zaman kansa. Ƙaramin kamfani yana iya zama da darakta ɗaya, ba dole ne ya naɗa sakatare ba, hatimi ma ba dole ba ne. Mafi ƙarancin jarin da za a rubuta Naira 100,000. Alhaji, kai kaɗai ka isa. Hajiya mai sarrafa shinkafa ko man gyaɗa, ke ma ke kaɗai kin isa, ba sai an aro miki sunan kowa ba.

To me ya rage da yake sa mutane aron suna? Wani ma'aikacin gwamnati ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Sai ya saka ƙanensa a gaba, shi yana baya, wani lokaci ma ofishinsa ne ke ba kamfanin kwangila. Ya kamata mai yin haka ya san cewa waɗannan ƙa'idoji sun riga shi tunani. Sun ce duk abin da aka hana ma'aikaci, idan ya yi ta hannun wakili, shi ya yi. Hukuncin yana iya kaiwa ga rasa kujera, da hana riƙe muƙami har shekara 10, da ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya. Wani kuma bashi yake gudu. Wani baƙo ne daga wata ƙasa, yana son haƙar ma'adinai ko sayen amfanin gona ba tare da ya nemi izinin da doka ta ɗora wa baƙi ba, sai ya laɓe bayan ɗan gari. Wani kuwa tsoro ne, tsoro na gaskiya, kuma zan dawo kansa domin shi ne ya fi damun mutanenmu.

Abin da dokar 2020 ta zo da shi a kan duk waɗannan yana sashe na 119. Duk wanda yake da kashi 5 cikin 100 na hannun jarin kamfani ko na ƙuri'unsa, ko da hannunsa ko ta hannun wani, ko yake da ikon naɗa yawancin daraktoci da sauke su, ko kuma shi ne mai faɗa a ji a kamfanin, dole ya sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana 7, kamfanin kuma ya sanar da CAC cikin wata ɗaya. Ku riƙe wannan kalma ta "ko ta hannun wani". Ita ce ta toshe ƙofar. Doka ba ta hana ka naɗa wakili ya riƙe maka hannun jari ba, amma ta ce sai ka fito ka ce ni ne a baya. Wanda kuma ya rubuta ƙarya da gangan a takardun da ake miƙa wa hukumar, laifi ne mai ɗaurin shekara 2.

Ba haka kawai gwamnati ta tashi da wannan ba. Ƙasar nan ta sha wuya a hannun kamfanonin da ba a san masu su ba. A 1998, zamanin Abacha, an ba wani sabon kamfani mai suna Malabu rijiyar mai ta OPL 245 kwanaki kaɗan bayan an yi masa rajista. Daga baya ta bayyana a shari'o'in da aka yi a ƙasashen waje cewa ministan man fetur na lokacin, Dan Etete, yana da hannu a mallakar kamfanin ta bayan fage. Rigimar wannan rijiya ta ci fiye da shekara 20, ta zagaya kotunan Abuja da Landan da Milan. A 2016 takardun Panama suka fallasa yadda manyan duniya, har da 'yan Najeriya, suke ɓoye dukiya bayan daraktocin aro. A watan Mayu na wannan shekarar, a taron yaƙi da cin hanci na Landan, Buhari ya yi alkawarin buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni, kuma CAC ta buɗe ta ga jama'a a 2023. Ni dai ina goyon bayan wannan rajista. Talakan da aka ci kuɗin asibitin garinsu yana da haƙƙin sanin wane ne mai kamfanin da ya karɓi kwangilar.

Yanzu bari in juya ga wanda na fi tausayawa a wannan sha'ani, wato mai ba da aron sunan. Ɗana, ƙanena, da kai nake. Maigidanka ya kira ka ya ce kawo lambarka ta NIN da hoto, ga takarda sa hannu, ba komai ba ne, cike gurbi ne. Ka ji kunya, ko ka ji daɗi an ce maka darakta, ko an ba ka ɗan abin shan ruwa. Ka san abin da ka zama? A idon doka babu ƙaramin darakta da babba, babu na gaske da na wasa. Ranar da ka sa hannu, amanar kamfanin ta hau wuyanka. Doka tana sa ran ka san abin da kamfanin yake yi, ka kula da shi yadda mai hankali zai kula. "Ni an ce in sa hannu ne kawai" ba ta fitar da mutum a gaban alƙali.

Ku dubi dillali a kasuwar shanu ta Sheme. Saniyar ba tasa ba ce, kowa ya sani, kuma babu laifi a dillanci muddin ya san mai ita, zai kuma iya nuna shi. Amma ranar da aka gano saniyar ta sata ce, wa ake fara kamawa? Wanda aka gani riƙe da igiya. Idan mai kawowar ya ɓace, dillali ne zai kwana a caji ofis.

Ga yadda abin yake faruwa a aikace. A ce kamfanin ya karɓi kuɗin kafin alƙalami na wata kwangila, ko ya karɓi rance domin wani aiki na musamman, aka karkatar da kuɗin da niyyar zamba. Sashe na 316 ya ce daraktan da yake da hannu a wannan saɓawa zai biya daga aljihunsa, rigar kamfani ba za ta rufe shi ba. Kai kuma sa hannunka ne a takardar cire kuɗin. A ce an je banki neman bashi. Banki yakan nemi daraktoci su tsaya wa kamfanin da kansu, kuma a cikin tarin takardun da aka tura maka akwai wannan. Daga ranar bashin ya zama naka, BVN ɗinka ke ɗauke da shi. A ce an rubuta cek ɗin da babu kuɗi a bayansa. Tun 1977 akwai dokar da ta mai da wannan laifin ɗauri. A ce kuma, Allah ya kiyaye, kuɗin da ba su da tsabta sun bi ta asusun kamfanin. Mu da muke zaune a yankin da jami'an tsaro suke bin sawun kuɗin fansa da na masu kai wa 'yan bindiga kaya, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Dokokin hana halatta kuɗin haram da na yaƙi da ta'addanci na 2022 suna da tsauri, kuma EFCC sunan da yake rubuce take fara nema.

Maigidan ma bai tsira ba. Doka ta ce mutumin da daraktoci suka saba aiki da umarninsa, shi ma darakta ne ko da sunansa bai fito ko'ina ba. Amma kafin a kai ga tabbatar da wannan, yaron ya riga ya sha wahala, an rufe masa asusu, sunansa ya ɓaci a gari, wataƙila maganar aurensa ma ta watse.

Sai kai Alhaji mai dukiya. Kai ma akwai abin da ya kamata ya hana ka barci. Kamfani bai san kowa ba sai wanda sunansa yake cikin rajistar masu hannun jari. Idan ka zuba miliyoyi, ka sayi tirela da sito da sunan kamfani, hannun jarin kuma yana sunan ɗan ƙanwarka, to a takarda shi ne mai su. Yau kuna lafiya. Gobe fa? Zuciya tana canzawa idan ta ga dukiya. Ko a ce yaron mai amana ne, amma Allah ya yi masa rasuwa kafin kai. Magadansa za su ga takarda su ce dukiyar mahaifinsu ce, kuma ba za ka ce sun yi ƙarya da gangan ba. Ko kai ka riga shi tafiya, ka bar mata da marayu, babu wanda ya san sirrin sai kai da shi. Masu rabon gado za su raba abin da suka gani. Haƙƙin marayun nan, kai ka jefa shi cikin haɗari da hannunka. Mu Musulmi ne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu hukuncin wakilci da ajiya. Babu inda suka ce a bar dukiyar iyali a kan "ai mun fahimci juna".

Mu dawo kan tsoro. Na san akwai mai sauraro a Faskari ko Sabuwa da yake cewa a ransa, "Malam, ka san ƙasar da muke ciki. In sa sunana a intanet a ce ni ne mai kamfani, infoma ya kai labari daji?" Ba zan raina wannan magana ba. Mutanen da suka ga an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, waɗanda suka sayar da gonaki suka fanso 'yan'uwa, suna da dalilin taka-tsantsan. Amma mu auna abin da kyau. Rajistar CAC ba ta nuna abin da yake asusunka na banki. Jarin da aka rubuta yana iya zama Naira 100,000 ɗin nan da doka ta nema, sai fa in sana'ar tana cikin waɗanda aka gindaya wa jari mai yawa. Dokar 2020 ta ba darakta damar ba da adireshin da za a riƙa aika masa takardu, ta kuma sa adireshin gidan kwanansa cikin bayanan da ake karewa. Ofishin kamfanin yana iya zama a Funtuwa ko Katsina, muddin wuri ne na gaske da wasiƙa za ta same ka. A ganina, mai kai labari daji buhunan da ake saukewa a sito yake ƙirgawa, da motar da ake lodi a kasuwa. Sa sunan yaronka a takarda bai ɓoye waɗannan ba. Abin da ya yi kawai, ya ƙara maka haɗarin doka a kan na daji, ya kuma jawo yaron ciki.

To idan akwai dalili na halal fa? Akwai. Mutum yana aiki a Saudiyya ko yana fatauci a Kwatano, yana son mai kula masa da kamfani a gida. 'Yan'uwa sun gaji dukiya, suna son babbansu ya riƙe a madadin ƙananan da ba su kai shekara 18 ba. Ma'aikaci yana da hannun jari, amma ya bar gudanarwa gaba ɗaya a hannun wasu. A irin wannan, ku je wurin lauya. A rubuta takardar amana wadda ta faɗi wane ne ainihin mai hannun jarin, wa ke cin riba, yaushe kuma za a mayar masa. A sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafi, iyali su san inda take. A shigar da sunan ainihin mai shi a CAC kamar yadda sashe na 119 ya ce. Wanda za a naɗa darakta kuma ya zama mai iya karanta abin da yake sa wa hannu, mai iya cewa a'a, a yanka masa ladan aikinsa a fili. Duk wanda ya yi maka tallan cewa zai kafa maka kamfanin da babu mai gano naka ne, ko ya yaudare ka, ko yana shirin sa ka karya doka.

Ita rajistar kanta ba ta da wuyar da ake zato. Ta intanet ake yi a shafin CAC, hukumar tana da ofis a Katsina, kuma mutum yana iya yi da kansa ko ya ba lauya ko akanta da hukumar ta amince da su. Ana fara neman suna, idan ya samu a ajiye maka shi kwana 60. Sai a shigar da bayanan daraktoci da masu hannun jari da lambobinsu na NIN, da adireshin ofis, da irin sana'ar da za a yi, da kundin tsarin kamfanin, a biya kuɗin hukuma da na hatimin gwamnati. Takardar shaida tana fitowa da lambar rajista, kamfanin kuma ya sami lambar biyan haraji. Idan ka ba wani ya yi maka, tsaya a kansa ya sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba nasa ba. Da yawa sun wayi gari ba su da mabuɗin shiga kamfaninsu saboda yaron da ya yi musu rajista a shagon kwamfuta ya bar gari.

Bayan takarda ta fito, kada a sa ta a firam a manta. Kowace shekara ana miƙa wa CAC bayanin shekara, ana kuma miƙa wa hukumar haraji lissafi ko da ba a ci riba ba. Wanda ya yi sakaci, tara tana taruwa, a rubuta kamfaninsa cikin waɗanda ba sa aiki, banki da masu ba da kwangila su gani. Wanda ya shekara 10 bai miƙa ba ana iya soke shi, kuma hukumar ta riga ta wallafa sunayen dubun-dubatar kamfanoni saboda haka. Idan darakta ya sauka, ko ya rasu, ko hannun jari ya canza hannu, a sanar. Kuɗin kamfani kuma su zauna a asusun kamfani. Mai cefane daga asusun kamfani yau, ya zuba kuɗin gonarsa ciki gobe, yana rushe katangar da doka ta gina masa.

Kafin mu rabu, ga roƙona. Duk wanda ya san an taɓa karɓar katinsa na ɗan ƙasa da hotonsa aka ce za a sa shi a kamfani, ya je wurin wanda ya karɓa cikin ladabi ya tambayi sunan kamfanin, ya sa a duba masa matsayinsa a CAC. Idan ba ya son zama, ya rubuta takardar sauka, ya riƙe kwafi, ya tabbata an sanar da hukumar, domin sunan da ba a cire a can ba yana nan daram. Iyaye mata, ku tambayi mazajenku ko sunanku yana cikin wani kamfani, ku san abin da yake yi. Kai kuma Alhaji da dukiyarka take zaune a sunan wani, kada ka bari wannan kaka ta wuce ba ka ga lauya ba. Ka tara 'ya'yanka manya da wanda yake riƙe maka, a rubuta, a sa hannu, a kai wa hukuma.